Sakan Takwas a Gadon Bayan Bijimi: Kimiyyar da ke Cikin Wasan Rodiyo

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa, da wuya a ce bai taɓa ganin hawan ƙaho ba, ko aƙalla bai ji labarinsa ba. A jajiberin salla akan fito da ƙosasshen sa an ɗaure shi da igiyoyi, makaɗan kalangu suna zuga samarin mahauta, har wani daga cikinsu ya yi ta maza ya faɗa tsakanin ƙahonin ya maƙalƙale. To, a can yammacin Amurka da Kanada, da kuma Meziko da Burazil, akwai wani wasa da ya yi kama da wannan ta fuskar jarunta da kasada. Sunansa rodiyo, kuma babban abin da ake jira a cikinsa shi ne hawan bijimi. Bambancin kawai shi ne namu mahayin a kan sa yake sauka, nasu kuwa a gadon baya yake zama, kuma bijimin nasu a sake yake, babu mai riƙe masa igiya.

Abin da ya jawo wannan maƙala shi ne wata tambaya da ɗalibai suka yi mini a darasin halayyar dabbobi. Sun nuna mini hoton wasan a wayar hannu, suka ce, "Malam, wane magani ake ɗura wa san nan da yake hauka haka?" Amsar ita ce ba sai an ɗura masa komai ba. Tutsun da mai kallo yake ɗauka hauka ne ya samo asali daga abubuwa uku, wato gadon da sa ya ɗauko daga kakanninsa na daji, da zaɓen iri da makiyaya suka daɗe suna yi, da kuma horo. Za mu bi waɗannan ɗaya bayan ɗaya, sannan mu dubi jikin mahayin, domin mu ga irin cinikin da matashi yake ƙullawa da ransa duk sa'ad da ya ce a buɗe ƙofa.

Asalin wasan

Kafin zuwan Turawa babu shanu a nahiyar Amurka. Kolumbus ne ya fara kai su tsibiran Karebiyan a tafiyarsa ta biyu a shekarar 1493, daga nan Sifaniyawa suka tsallaka da su Meziko. Shanun suka yaɗu a sake cikin makeken daji, ta yadda sai a bisa doki ake iya tattaro su domin ƙidaya da yi musu shaida. Wannan tattarowar ce ake kira rodiyo, daga kalmar Sifaniyanci mai ma'anar kewayewa. Makiyayan Meziko masu dawaki su ne malaman kaboyin da muka sani a finafinai, daga wurinsu aka koyi jifa da zarge da irin sirdin da ake amfani da shi.

Bayan yaƙin basasar Amurka, wanda ya ƙare a 1865, an yi ta koro garkunan shanu daga Teksas zuwa tashoshin jirgin ƙasa na jihar Kansas, irin su Abilene wadda ta fara karɓar shanu a 1867. Masana tarihi da dama sun ƙiyasta cewa kusan ɗaya daga cikin kaboyi huɗu na wancan zamani baƙar fata ne, kuma ɗaya daga cikinsu, Bill Pickett, shi ake jingina wa ƙirƙiro kokawar kayar da sa ta hanyar murɗe masa wuya. Idan an gama aiki, samari sukan yi gasa tsakaninsu don a ga gwani. Da waya mai ƙaya ta killace makiyaya, jirgin ƙasa kuma ya isa ko'ina, sai korar shanu ta mutu, gasar ta wanzu a matsayin wasa. Garin Prescott na jihar Arizona ya shirya nasa a ranar 4 ga Yuli, 1888 tare da karɓar kuɗin shiga, na Cheyenne a jihar Wayomin ya fara a 1897, na Kalgari a Kanada kuma a 1912.

Ya kamata mai karatu ya lura da wani abu a nan. Kamun maraƙi da igiya da hawan doki mai tutsu duk daga aikin kiwo na yau da kullum suka fito. Amma babu makiyayin da aikinsa ya taɓa buƙatar ya hau bayan bijimi. Wannan kam tun farko don nuna bajinta da burge 'yan kallo aka ƙago shi.

Daren wasa a ƙaramin gari

Ko da yake akwai manyan ƙungiyoyin ƙwararru, kamar PBR wadda mahaya 20 suka kafa a 1992 bayan kowannensu ya zuba dala 1,000, gindin wasan yana ƙananan garuruwa ne, inda ake yin sa a lokacin bikin baje kolin amfanin gona ko a daren ƙarshen mako. Mahayan irin waɗannan wurare 'yan sha'awa ne, wato yaran makiyaya da ɗaliban sakandare da na jami'a da leburori, waɗanda sukan biya kuɗin shiga gasa daga aljihunsu, kuma sau da yawa su koma gida babu ko sisi. Alal misali, a garin Cody na jihar Wayomin, mai mutane kimanin 10,000, tun shekarar 1938 ake yin rodiyo kowane dare daga watan Yuni zuwa Agusta, kuma nan ne matasa da yawa suke goge hannunsu.

Tsarin daren kusan ɗaya ne a ko'ina. Iyalai sukan zauna a kan benci kewaye da fili mai taushin ƙasa, a buɗe da taken ƙasa, sau da yawa har da addu'a. Sai hawan dawaki masu tutsu, da kamun maraƙi, da tseren mata a kan doki suna kewaya ganguna uku. Yara ma suna da rabonsu, don akan ɗora ƙanana a bayan tumaki, ko a saki maraƙi da ƙyalle a wutsiya su bi shi da gudu. Hawan bijimi akan ajiye shi a ƙarshe, saboda an san babu mai tashi kafin a yi shi.

Ƙa'idarsa ba ta da wuyar fahimta. Ana shigar da bijimin cikin wani ƙuntataccen keji na ƙarfe, mahayi ya sauko masa daga sama. Ana zagaya wata kitsattsiyar igiya a ƙirjin san, bayan ƙafafun gaba, mahayin ya cusa hannu ɗaya mai safar fata a cikinta, bayan ya goga mata ƙaro don kada ta zame. A ƙarƙashin igiyar akwai ƙararrawa, wadda nauyinta ke jawo igiyar ƙasa da zarar an sake ta. Idan mahayi ya gyaɗa kai, sai a wangale ƙofa. Dole ya yi sakan 8 a sama, kuma ɗaya hannun nasa kada ya taɓa san ko jikinsa. Maki 100 ne gaba ɗaya, rabi na mahayi, rabi na bijimi, don haka wanda ya dace da malalacin sa ba zai ci gasa ba ko da bai faɗi ba. A tarihin ƙwararru sau ɗaya tak aka taɓa ba da maki 100 cif, ga Wade Leslie a 1991.

Gadon daji

Dukkan shanun duniya jikokin wata ƙatuwar saniyar daji ce da masana ke kira orok, wadda aka fara mayarwa ta gida kimanin shekara 10,500 da suka wuce a yankin Gabas ta Tsakiya, kuma ta ƙarshenta ta mutu a wani daji na ƙasar Folan a 1627. Wannan dabba ta rayu tare da zakuna da kyarketai. Zaki idan zai kama babbar dabba, a baya ko kwiɓi yake ɗafe mata, kamar yadda har gobe yake yi wa ɓauna. Dabbar da ta iya zabura, ta yi harbi, ta karkaɗe abin da ya ɗafe ta, ita ce takan tsira ta haihu, wadda ta kasa kuwa ta zama kalaci. Da haka wannan ɗabi'a ta zauna daram a cikin jinin shanu. Saboda haka idan mutum ya zauna a bayan san da bai saba da kaya ba, jikin san yana amsawa ne kamar yadda na kakansa yake amsa wa zaki. Takarkarin da muke ɗora wa kaya ya daina haka ne domin an dandaƙe shi, an kuma hore shi sannu a hankali.

Idon sa ma na dabbar da ake farauta ne. Da yake idanun a gefen kai suke, yana ganin kusan digiri 330 daga cikin 360 na da'ira, sai ɗan wurin da ke bayansa kai tsaye ne kawai ya ɓace masa. Amma wurin da idanun biyu suke haɗuwa a gabansa ƙanƙane ne, don haka bai iya auna nisa da zurfi sosai, shi ya sa inuwa ko kwata take iya tsayar da garke. Daɗin daɗawa, a tantanin bayan idon mutum akwai ƙwayoyin gane launi iri uku, na shanu kuwa iri biyu ne, kuma babu mai kama ja a cikinsu. Maganar da ake yi cewa jan ƙyalle ne yake tunzura sa a wasan Sifen, ba ta da tushe. Kaɗa ƙyallen shi ne yake jawo shi. Wannan ne ya sa a filin rodiyo ake da wasu jarumai na ƙasa, waɗanda aikinsu shi ne da zarar mahayi ya faɗi su gitta ta gaban bijimin da gudu, su ɗauke masa hankali da motsinsu har mahayin ya tsere.

Ta wajen ji kuwa, kunnen mutum iyakarsa sauti mai karkarwa sau 20,000 a sakan, na shanu yana kaiwa 35,000. Ƙarar ƙarfe da ihun jama'a da amon lasifika sun fi damun sa fiye da yadda muke zato. Duk waɗannan saƙonni idan suka isa ƙwaƙwalwa, sai ta umarci wasu 'yan halittu biyu da ke zaune a saman ƙoda su tsiyayo sinadarin adirinalin cikin jini. Nan take zuciya ta ƙara bugu, hanyoyin numfashi su buɗe, hanta ta saki sukari, jini ya bar tumbi ya koma ga tsokoki. Cikin ƙiftawar ido dabbar ta shirya wa gudu ko faɗa.

Akwai kuma wata igiya ta biyu mai taushi da ake ɗaura wa bijimi a kwiɓi, gaban ƙafafun baya. Mutane da yawa sun ɗauka a marainansa ake ɗaure ta, alhali ba ta kusa da wurin, kuma ana amfani da irinta ga goɗiya mai tutsu. Fatar kwiɓi tana da saurin ji, kowa ya ga yadda saniya take karkaɗa fatarta idan ƙuda ya sauka. Aikin igiyar shi ne ta sa san ya riƙa miƙe ƙafafun baya yana harbin sama don ya rabu da ita, maimakon ya zura da gudu. Ba ta iya mayar da san da ba ya tutsu ya zama mai yi, amma kuma babu shakka takura ce a gare shi, don ba domin ta dame shi ba da bai yi ƙoƙarin fitar da ita ba.

Ƙirar jiki da zaɓen iri

Bijimin rodiyo yakan kai kilo 700 zuwa 900. Duk da wannan nauyi yana iya tashi sama da ƙafafu huɗu, ya murɗa jiki kafin ya dira. Ƙarfin tunkuɗawar daga manyan tsokokin cinya da ƙugu yake fitowa. Wajen dira kuwa, ƙirar kafaɗarsa ce take taimakonsa. Shanu ba su da ƙashin nan da ya gitta daga gindin wuya zuwa kafaɗa kamar na mutum, ƙirjinsu a rataye yake tsakanin ƙafafun gaba da tsokoki zalla, kamar jariri a cikin majanyi. Waɗannan tsokoki suna shanye girgizar dira, abin da ya rage kuma ya wuce kai tsaye zuwa ga hannu da ƙashin bayan mahayi.

Tsoka tana da zaruruwa iri biyu, masu jimiri da masu saurin ɗaukar wuta. Tutsu aikin na biyun ne, kuma makamashin da suke fara ƙonawa wani ɗan tanadi ne da ke cikin tsokar kanta, wato sinadarin ATP da kiriyatin fosfet, wanda ba ya jiran iskar oksijin. Wannan tanadi ba ya wuce kimanin sakan 10 idan ana aiki iya ƙarfi, kamar yadda yake ga mai tseren mita 100. Daga nan ƙarfi sai ya fara ja baya. Ashe ke nan sakan 8 da aka ƙayyade ya yi daidai da lokacin da bijimi yake kan ganiyarsa.

Idan mai karatu ya dubi hoton waɗannan bijimai, zai ga da yawansu suna da tozo da manyan kunnuwa, kamar Bunaji ko Gudali. Ba kuskure ya gani ba. Shanu masu tozo asalinsu kwarin kogin Indus ne, inda aka mayar da su na gida kimanin shekara 8,000 da suka wuce. Wasu sun shigo Afirka, jininsu ya gauraya da na shanun da suka tarar, daga nan aka sami irin namu. Wasu kuma an kai su Amurka daga ƙarni na 19, inda aka fitar da irin da ake kira Birahman, wanda aka kafa ƙungiyar masu kiwonsa a 1924. An so su ne don jure zafi da kaska, sai kuma aka tarar suna da zafin nama da saurin zabura. Da aka haɗa su da shanun Turai masu kaurin tsoka, sai aka sami bijimi mai nauyi da sauri a lokaci guda.

Masu iya magana sun ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Shekara dubbai ɗan Adam yana zaɓen shanu masu sanyin hali don noma da nono, masu kiwon shanun rodiyo kuwa sai suka juya akalar, suna barbarar gwanayen tutsu da 'ya'yan gwanaye. A Amurka har rajista ake yi musu, ana tabbatar da uwa da uba ta hanyar gwajin ƙwayoyin gado. Idan ɗan sa ya kai kimanin shekara 2, akan ɗaura masa wani ɗan akwati a baya, wanda ake kwancewa daga nesa da na'ura bayan ya yi tutsu na 'yan sakanni. Da haka yake koyon cewa ƙoƙarinsa ne yake raba shi da kaya. Tsohon bijimi yakan sami salon kansa, wani ya riƙa juyi hagu, wani ya yi kamar zai yi dama ya koma hagu. Wani mai suna Red Rock an hau shi sau 309 a gasar ƙwararru babu wanda ya cika sakan 8, wani kuma mai suna Bushwacker ya kayar da mahaya 42 a jere kafin J.B. Mauney ya karya masa lago a 2013. Wannan ci gaba yana da illa ga ƙananan garuruwa, domin 'ya'yan irin waɗannan bijimai sun yawaita, har yaro ɗan koyo yakan iya karo da san da ya fi ƙarfin saninsa.

Jikin mahayi

Mu ɗauki mahayi mai kilo 70 da bijimi mai kilo 800. San ya ninka shi fiye da sau 11. Idan wannan sa ya taho da gudun kilomita 18 a awa, kafin mutumin ya tara ƙarfin karo daidai da nasa sai ya yi gudun da ya haura kilomita 200 a awa. Wannan lissafi ya isa ya nuna cewa babu mahayin da yake zama da ƙarfin damtse. Abin da yake riƙe shi shi ne iya daidaita jiki.

Bijimi mai tutsu kamar lilon katako yake, gaba ya yi sama baya ya yi ƙasa, sannan su sauya. Wurin da ya fi ƙarancin motsi shi ne bayan kafaɗa, shi ya sa mahayi yake matsowa daf da hannunsa, ya matse da cinyoyi, ya kafa kaimi marar kaifi a fatar san. Idan san ya ɗaga gaba sai ya sunkuya, idan ya yi harbi sai ya miƙe ya tura ƙugu gaba. Hannun da ke sama kuwa aikin sandar mai tafiya a kan siririyar gada yake yi. Idan san ya shiga juyi, akwai ƙarfin da ke fizgar mahayi waje, irin wanda fasinja yake ji idan mota ta sha kwana, amma in ya cika karkata ciki sai ya zube a tsakiyar da'irar, daidai inda kofatai suke sauka.

Na'urar da ke sanar da mutum matsayin jikinsa tana can cikin kunne, inda ake da wasu lanƙwasassun bututu uku cike da ruwa. Duk inda kai ya juya ruwan yakan motsa wasu ƙananan gasu, su kuma su aika da saƙo ƙwaƙwalwa. Sai dai daga lokacin da ido ya ga abu zuwa lokacin da hannu zai amsa, akan ɗauki kusan rubu'in sakan, kuma a wannan ɗan taƙi bijimi ya riga ya sauya hanya. Don haka mai tsayawa tunani ya faɗi. Mahaya sukan yi ta maimaita motsin a kan ganga da aka rataye da igiyoyi, har ƙaramar ƙwaƙwalwa ta ƙeya ta haddace shi, jiki ya riƙa amsawa da kansa kamar na mai tuƙa keke. Babban bambancin ƙwararre da ɗan koyo ke nan, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Haɗarin da ke ciki

Wani bincike da Dale Butterwick da abokan aikinsa na Jami'ar Kalgari suka yi a kan gasannin ƙwararru na Kanada daga 1995 zuwa 1999 ya nuna cewa a cikin kowane hawa 1,000 na bijimi ana samun rauni kimanin 32, wato fiye da ninki biyu na matsakaicin dukkan wasannin rodiyo. Hannun riƙo yakan sami gocewar kafaɗa da tsinkewar jijiya. Wani lokaci hannun yakan maƙale a igiya, san ya yi ta jan mutum yana wujijjiga shi. Amma waɗanda suka fi kisa su ne raunin ƙirji da na kai.

A ranar 30 ga Yuli, 1989, Lane Frost, zakaran duniya na 1987, ya cika sakan 8 ɗinsa a Cheyenne ya sauka, sai bijimin ya juyo ya doke shi da ƙaho a baya, ya karya masa haƙarƙari. Ya rasu yana da shekara 25. Abokinsa Cody Lambert ne ya ƙirƙiro rigar kariya mai kama da sulke, wadda take baza ƙarfin duka a faɗin ƙirji maimakon ya taru a wuri guda. Ta ceci rayuka, amma tana da iyaka, domin a watan Janairun 2019 Mason Lowe ya rasu a birnin Denver bayan sa ya taka masa ƙirji, alhali yana sanye da ita.

Raunin kai yakan faru ne idan san ya fizgo mahayi gaba, ya kuma ɗago kansa a daidai lokacin. Haka wani bijimi mai suna Bodacious ya ragargaza fuskar Tuff Hedeman a 1995. Ƙwaƙwalwa a cikin ruwa take iyo a cikin ƙoƙon kai, idan kai ya tsaya farat ɗaya sai ta bugi ƙashi. Hular kwano tana kare ƙashin kai da fuska, amma ba ta hana wannan girgiza ɗungurum. Mafi muni shi ne a sake buguwa kafin ta farko ta warke. Bayan rasuwar mahayin Kanada Ty Pozzobon a 2017, likitoci sun tarar da cutar lalacewar ƙwaƙwalwa mai nasaba da yawan buguwa a kansa, kuma shi ne mahayin bijimi na farko da aka tabbatar da ita a jikinsa. Ƙungiyar PBR ta wajabta hular kwano ga duk wanda aka haifa daga 15 ga Oktoba, 1994. A ƙananan gasanni kuwa, inda kuɗi ba su da yawa kuma asibiti yakan yi nisa, kariyar ta danganta ga tsarin masu shirya wasan da hankalin iyaye.

Haƙƙin dabba

Masu shanun suna cewa bijimin rodiyo ɗan gata ne, yana cin abinci mai kyau, likita yana duba shi, aikinsa na 'yan sakanni ne, kuma yana daɗewa a duniya fiye da ɗan'uwansa da ake yankawa tun bai cika shekara 2 ba. Masu kare haƙƙin dabbobi kuwa suna nuni da igiyar kwiɓi, da kaimi, da sandar lantarki da wasu suke amfani da ita, da doguwar tafiya a mota, da karayar ƙafa ko baya da kan auku. Ingila ta kafa doka a 1934 wadda a wancan lokaci ta hana muhimman sassan wasan. Masanin halayyar dabbobi ba ya yanke hukunci da ganin ido kawai, yakan auna bugun zuciya, da sinadarin kotizol na damuwa, da alamomi irin su bayyanar farin ido da kaɗa wutsiya. Ko a nan ma akwai wuyar fassara, domin san da ya tsaya shiru a keji yana iya zama wanda ya saba, yana kuma iya zama wanda ya sallama don ya ga babu mafita. Abin da ba a jayayya a kansa shi ne dabba tana jin tsoro da zafi, don haka nauyin rage su yana wuyan wanda ya fito da ita fili.

Kammalawa

Mun ga cewa tutsun bijimi kariyar kai ce da ya gada daga daji, ɗan Adam ya ƙarfafa ta da zaɓen iri, ya kuma goge ta da horo. Mun ga kuma cewa mahayi ba shi da abin dogaro sai daidaita jiki da sabo, kuma kuskure ɗaya yana iya zama ajali. Mai kallon da ya san wannan zai fi jin daɗin kallonsa, don zai gane abin da san yake yi da abin da mahayin yake ƙoƙarin yi, zai kuma san cewa jaruman ƙasan nan masu gittawa su ne suka fi kowa aiki.

Darasin bai tsaya a Amurka ba. San da ake fitowa da shi ranar hawan ƙaho, da wanda ake lodawa a mota a kara, da wanda ake ja zuwa mayanka, duk ido ɗaya da kunne ɗaya suke da shi da bijimin rodiyo. Kada a ɓullo wa sa ta bayansa inda ba ya gani, a rage ihu da duka, a kawar da yara daga inda igiya za ta iya kuɓucewa. Saurayin da ya bugu a ka har ya ga jiri, ko ya yi amai, ko ya manta abin da ya faru, a kai shi asibiti, kada kiɗa ya mayar da shi fili a ranar. Rigakafi dai ya fi magani. Allah Ya kiyaye mu, Ya kuma ƙara mana ilmi mai amfani.